Bidiyon waƙa ko talla: wanne sabon darakta zai fara kamawa?

Wani ɗan'uwa ya ce ya daɗe yana ɗaukar bidiyon biki, yanzu yana son zama darakta, shi ne yake tambaya ko waƙa zai kama ko talla. Malam, kyamarar ɗaya ce, amma wanda ke da ta cewa a wajen aikin ya bambanta.

A bidiyon waƙa, mawaƙi zai turo maka waƙarsa ya ce ka yi masa abu mai kyau, shi ke nan. Kai za ka yi ta saurare har labari ya zo maka, ka zaɓi lokeshan da sutura da kalar hoto. Sunanka ma yakan fito a farkon bidiyon, ta haka aka san Clarence Peters da TG Omori a Legas. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Sabon mawaƙi zai ba ka kafin alƙalami, ya ƙare a hayar fitilu da man janareta da abincin ma'aikata, cikon kuma sai ka ji "bari waƙar ta fita". Ga shi a yini ɗaya ake so a gama komai, ana ta maimaita amshi cikin rana har kwalliyar 'yan rawa ta narke.

Talla kuwa tun kafin a kira ka kamfanin talla ya rubuta labarin, masu kaya sun sa hannu, naka aiwatarwa ne. Sakan 30 ne kacal, amma wakilin masu kaya na zaune gaban allo: kwalbar ta ɗan karkace, sunan bai fito sosai ba, a sake. A Najeriya kuma sai hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022, ta tantance kafin a watsa. Mai kallo ba zai san kai ka yi ba, amma akwai kwangila a rubuce, kuɗin kuma ya fi kauri, ko da biyan kan ɗan ja lokaci.

Duka hanyoyin suna kai mutum fim. Ridley Scott na Ingila ta talla ya biyo, shi ya yi tallar kwamfutar Macintosh ta Apple a 1984. David Fincher na Amurka ya yi suna da bidiyoyin mawaƙiya Madonna kafin fim ɗinsa na farko a 1992. Kemi Adetiba ta Najeriya ma bidiyon waƙa ta yi kafin nata fim ɗin na farko a 2016.

Ni dai na ce ka fara da waƙa, domin kamfanin talla ba ya ba baƙo aiki sai ya ga abin da hannunsa ya taɓa yi, kuma bidiyon biki ba zai gamsar da su ba. Ka tara bidiyo masu kyau ko da uku ne, sannan ka gwada tallar wani shago ko gidan abinci na unguwarku. Amma ko mawaƙin abokinka ne, kada ka miƙa masa cikakken bidiyo sai ya cika maka kuɗinka.