Littafin ajanda ya gyara mini Azumi, amma bai kai Babbar Sallah ba

Ni tela ne a Makka, shagona yana wajen titin da ake kira Shara Mansur, kuma akasarin masu kawo mini ɗinki 'yan uwanmu Hausawa ne mazauna garin, sai masu zuwa Umra da suke son a ɗinka musu kaftani kafin su koma gida. A farkon shekarar 2025 na sayi littafin ajanda mai baƙin bango a wata maktaba, wato kantin littattafai, irin wanda aka ware wa kowane mako shafi biyu aka jera sa'o'i a gefe, domin in riƙa rubuta lokacin da na ɗauki kowane aiki da lokacin da na ajiye shi. Ban so yin wannan lissafi a waya ba, saboda da zarar na ɗauke ta saƙonnin WhatsApp suke riƙe ni, shi kuwa littafi yana nan a buɗe kusa da keke, biro a tsakiyarsa.

Tun kafin watan Sha'aban ya ƙare littafin ya nuna mini abin da shekarun da na yi a sana'ar ba su nuna mini ba. Yanka da haɗa jikin riga ba su ne suke cin yini ba. Aikin wuya ne, da maɓalli, da guga, sannan uwa uba ƙananan gyare-gyaren da ake kawowa a tsaitsaye, a rage tsawon wando ko a saki hammata, waɗanda kunya take hana mu karɓar ko riyal ɗaya a kansu.

Amfaninsa na gaske ya bayyana ne a Azumin 1446, wanda muka ɗauka ranar 1 ga Maris. Na zauna na tattara abin da na rubuta, na san iyakar kayan da ni da yarona za mu iya gamawa tsakanin tarawihi da sahur, kuma da wata ya raba na daina karɓar aiki. Ana shiga goman ƙarshe wani dattijo da nake jin nauyinsa ya zo da shadda, tasa da ta 'ya'yansa, ya ce in taimaka. A da babu yadda za a yi in iya buɗe baki in ce masa a'a. Wannan karon na ce, "Baba Alhaji, ka duba da kanka," na buɗe masa shafukan, ya ga sunayen da suke gabansa da daren da aka ware wa kowanne. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗana, gara da ka gaya mini gaskiya tun yanzu, Allah ya yi maka albarka." Ya kai wa wani, kuma bayan Sallah ya dawo mini da wani yadin. Watan ya zo da kwana 29, aka yi Sallah ranar Lahadi 30 ga Maris, teloli da yawa da suka dogara da dare na talatin suka shiga uku da masu kaya. Ni kuwa kafin la'asar ɗin jajibiri kowa ya karɓi nasa, har na samu zuwa Harami tahajjud a wasu darare, abin da na daɗe ina marmari ina kasawa. A ranar da an tambaye ni, da na ce kowane tela ya je ya saya.

To amma ko a wannan jajibirin sai da littafin ya ɓata mini rai, domin ranar Asabar ce, su kuwa waɗanda suka buga shi sun matse Asabar da Lahadi a gida ɗaya ɗan ƙarami, sun fara mako daga Litinin. A nan hutun mako Juma'a da Asabar ne tun 2013, Lahadi kuma ranar komawa aiki ce, kuma shagon tela ba ya rufewa don Asabar. Babu kwanan watan Hijira a ciki ko kaɗan, sai da na bi kalandar Ummul Ƙura, wato kalandar Hijira ta Saudiyya, ina rubutawa da hannu a saman kowace rana. Sa'o'in da aka jera sun fara ne daga bakwai na safe suka tsaya a tara na dare, wato daidai lokacin da aikinmu na Azumi yake somawa, shi ya sa duk lissafin dararen nan a gefen takarda na cusa shi. Mu yininmu da salloli ake auna shi, daga asuba zuwa azahar, daga la'asar zuwa magariba, ba da jerin ƙarfe kaza ba.

Duk wannan na jure. Abin da ban yafe ba shi ne ɗaurin littafin. Ba ɗinke takardun aka yi da zare ba, manne su kawai aka yi da gam, kuma da zafin Yuni ya shigo, ana haramar Arfa, gam ɗin ya saki, shafuka suka fara zubowa duk lokacin da na buɗe. Na watan Maris suka bi tarkacen yadi da aka share daga shago, kuma su ne ainihin waɗanda nake so in dogara da su wajen tsayar da farashi da ranar rufe karɓar aiki a Azumi mai zuwa. Na koma maktabar na nuna wa mai kanti, ya ce abin da aka yi rubutu a ciki ba a mayarwa. Littafin da aka rubuta shekara guda a bangonsa bai kamata ya wargaje kafin rabinta ba, musamman a kan kuɗin da ya isa sayen littattafan makaranta masu yawa. Yanzu irin na 'yan makarantar nake amfani da shi, mai ɗinkin zare, na sa rula na raba kowane shafi gida biyar bisa salloli, na bar wa bayan isha'i rabin takardar.