Tsomawa, feshi ko tururi: yadda za ka zaɓi shafin kariya ga kayan asibiti

Kafin ka ba kamfani aikin shafe kayan asibiti, ko ka shigo da waɗanda aka riga aka shafe, ɗauki kayan a hannu ka tambayi kanka abu uku: yaya siffarsa take, zafin da zai jure nawa ne, kuma da me za a kashe masa ƙwayoyin cuta. Amsoshin nan su ne za su nuna maka hanyar da ta dace.

Tsomawa ita ce mafi araha. Ana nutsa siririn bututu ko wayar da likita ke zurawa cikin jijiya a ruwan sinadari, a zaro a hankali, a busar. Idan aka zaro da sauri shafin ya fi kauri, shi ya sa na'ura ce ke zarowa. Kayan da ke miƙe sumul ta fi yi musu kyau. Idan akwai lungu da saƙo, ruwan kan taru wani wuri, wani wurin ya yi sirara.

Feshi ya fi dacewa da ƙananan abubuwa masu raga, irin ragar ƙarfe da ake sa wa a jijiyar zuciya, domin yana ba da damar auna maganin da ke cikin shafin daidai.

Ni dai idan na'urar tana da lantarki a ciki, kamar wadda ke daidaita bugun zuciya, hanyar tururin Parylene, wani sinadari dangin roba, nake ba da shawara. William Gorham na kamfanin Union Carbide ne ya fito da ita, ta shiga kasuwa a 1965. Ana dumama garin sinadarin har ya zama tururi, a ƙara masa zafi zuwa kusan digiri 680 a ma'aunin Celsius, sannan a sake shi cikin ɗakin da aka zuƙe iskarsa. Can yake sauka kan kayan a yanayin zafin ɗaki, ya shiga kowane lungu, siriri ƙwarai, babu huda. Saboda haka roba ba ta narkewa. Tsadarsa tana wajen aikin hannu: duk inda ba a son shafin ya taɓa, sai ma'aikaci ya rufe shi ɗaya bayan ɗaya, kuma tururin ba ya yafe ko da ƙaramar kafa.

Akwai kuma shafin titaniyam naitirayid mai ruwan zinariya da ake yi wa wasu almakasan tiyata, wanda ke ƙara wa ƙarfe tauri. Ana yin sa da zafi mai yawa, don haka na ƙarfe ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarewa. A 2015 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa shafin santsi na kayan da ake zurawa cikin jijiya yana iya ɓallewa ya bi jini ya toshe wata hanya. Don haka kada ka amince da kalmar "ya ci gwaji" kawai. Nemi takardar gwajin ISO 10993 da ke nuna jiki zai karɓi shafin, da sakamakon gwajin mannewa bayan an kashe ƙwayoyin cuta da irin hanyar da asibitinka ke bi. Shafin da ya jure iskar etilin oksayid ba lallai ya jure tukunyar tururi mai digiri 134 ba. Idan a Najeriya za ka sayar, duba rajistar NAFDAC tun kafin ka biya kuɗin kaya.