Gwajin basira ko gwajin natsuwa: wanne za a yi wa yaron da maleriya ta taɓa wa ƙwaƙwalwa?

Wata 'yar'uwa ta tambaya: ɗanta mai shekara takwas ya yi jijjiga da doguwar suma sanadin zazzaɓin cizon sauro, ya warke har ya koma makaranta, amma yanzu in ta aike shi abu uku sai ya dawo da ɗaya, hadda ma ta ƙi zama. An ba ta shawarar gwajin IQ, wato gwajin basira. Shi kaɗai ya wadatar?

Allah ya ƙara masa lafiya, 'yar'uwa. Bai wadatar ba. Abubuwa uku ne daban, kowanne da ma'auninsa: basira, natsuwa, da riƙon bayani na ɗan lokaci yayin da ake aiki da shi.

Gwajin basira da aka fi sani shi ne WISC-V, na 'yan shekara 6 zuwa 16. Yana cin kamar awa ɗaya, matsakaicin makinsa 100. Maki ne na jimla, don haka yaron da harshensa da tunaninsa ke lafiya zai iya samun 95 alhali riƙonsa ya yi ƙasa sosai, a ce miki ba komai. Ki nemi makin kowane ɗaya cikin ɓangarorin gwajin guda biyar, musamman na riƙo da na saurin aiki. Sannan asalinsa da yaran Amurka aka daidaita shi, da Turanci, yaron da ya tashi da Hausa yakan faɗi saboda harshe kawai. Shi ya sa muke fifita a haɗa da gwajin Raven mai launi: zane 36, yaro ya nuna yankin da ya cike gurbi, ba sai ya yi magana ba.

Gwajin natsuwa ba ya tambayar abin da yaro ya sani. A wanda ake kira TOVA, yana zaune gaban kwamfuta kusan minti 22, alama na ƙiftawa duk daƙiƙa biyu. In ɗan murabba'in ya fito sama ya danna, in ƙasa ya ƙyale. Da gangan aka sa shi ya gundure. A rabin farko alamar dannawa ba ta cika fitowa ba, nan ake kama mai shagala. A rabi na biyu tana yawaita, nan ake kama mai gaggawar hannu. Ana kuma duba ko saurinsa na hawa da sauka. WISC-V ba ya ganin wannan sosai, domin ayyukansa gajeru ne, ga babba a gabansa yana jawo hankalinsa.

Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. A binciken da aka yi a Asibitin Mulago da ke Kampala, aka wallafa a 2008, kusan kashi 26 cikin 100 na yara 'yan shekara 5 zuwa 12 da suka tsira daga maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa suna da tawaya a aikin ƙwaƙwalwa bayan shekara biyu, sauran yaran gari kuwa ƙasa da kashi 8. Natsuwa ce ta fi taɓuwa.

Gwajin riƙo shi ne mafi sauƙi, kuma shi ya fi kama da abin da kika bayyana. Ana karanta lambobi, ɗaya a daƙiƙa, yaro ya maimaita, a fara da biyu ana ƙarawa, kowane tsayi sau biyu. In ya kasa duka biyun, a tsaya. Sai a sake da wasu, ya maimaito su daga ƙarshe zuwa farko, wanda shi ne ainihin aikin. Mai gwaji yakan ɓata shi in ya yi sauri ko ya haɗa lambobi bibbiyu kamar lambar waya. Harshe ma na da tasiri: ɗaya zuwa tara a Hausa duk gaɓa biyu ne, na Turanci galibi gaɓa ɗaya, kuma doguwar kalma ta fi wuyar riƙewa. Kada a gwada da Hausa a auna da jadawalin Turanci. Tubalan Corsi guda tara, da ake taɓawa bi da bi yaro ya kwaikwaya, sun kauce wa wannan matsalar.

Kafin duk wannan, a duba jinsa da ganinsa da yawan jininsa. Yaron da ba ya ji sosai zai faɗi gwajin lambobi. In yana shan maganin farfaɗiya irin su fenobabiton ki faɗa, domin yana sa kasala ko rashin zama wuri ɗaya, amma kada ki tsayar da shi sai da izinin likita. A yi gwajin da safe, ya yi barci, ya karya, ba zazzaɓi.

A ganinmu a fara da riƙo da natsuwa, basira ta biyo baya. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti ne ke yin su. Ki tambaya a asibitin koyarwa ko na ƙwaƙwalwa mafi kusa da ke, ki tafi da takardar sallama da sakamakonsa na makaranta na kafin ciwon. Ba a maimaita WISC-V kafin shekara ta zagayo, domin yaro yakan tuna tambayoyin maki ya hau na ƙarya. Kafin nan, ki roƙi malaminsa ya zaunar da shi sahun gaba, a riƙa ba shi umarni ɗaya-ɗaya yana maimaitawa, hadda kuma aya ɗaya ko biyu a zama.