Kwas ɗin koyon fassara da na halarta a Unguwar Rimi

Na shafe makonni shida ina zuwa wata cibiyar koyar da fassara a Unguwar Rimi kowace Asabar da Lahadi, kuma da yake abokan aikina sun yi ta tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, na ga ya dace in rubuta abin da idona ya gani.

Babban malaminmu dattijo ne da ya daɗe yana fassara labarai a gidan rediyo kafin ya yi ritaya. Ranar farko bai ba mu ko jimla ɗaya ta Turanci ba. Shifta ya yi mana da Hausa, inda da yawa daga cikinmu, har da masu digiri, suka rubuta "kasa" a wurin "ƙasa", suka kuma raba "yana" gida biyu. Daga nan ya nuna mana cewa jarin mai fassara na farko shi ne iya rubuta harshen da zai fassara zuwa gare shi, sannan jin Turanci ya biyo baya. Wannan darasi kaɗai ya isa in yaba wa cibiyar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da aka ba mu takardar rabon gado. Turanci kalma ɗaya yake da ita ga ɗan'uwan uba da ɗan'uwan uwa, alhali Hausa ta bambanta baffa da kawu, kuma a shari'ar gado ba matsayinsu ɗaya ba. Wata ɗaliba ta rubuta "kawu" ta wuce. Malam ya ɗaga takardarta ya ce, "'Yata, wa ya shaida miki ta wajen uwa ne?" Ta ce zato ta yi. Ya umarce ta da ta rubuta wa mai aikin tambaya, ta jira amsa, ko da hakan zai jinkirta aikin da kwana guda. A nan na fahimci cewa riƙon amana a wannan sana'a ya haɗa da kauce wa zato, da rufe sirrin takardun mutane, da faɗa wa mai aiki gaskiya idan fannin ya fi ƙarfinka.

An kuma horar da mu bincike. A kan teburin ajin akwai ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, kuma ba a karɓar kalma sai ka nuna inda ka samo ta ko wanda ka ji yana amfani da ita. Malam yakan kawo misalin "Majalisar Ɗinkin Duniya", wadda ba fassarar kalma da kalma ba ce, amma ta zauna daram a bakin Bahaushe, yakan kuma tuna mana cewa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya tun 1939, don haka akwai gadon kalmomi da ya kamata mu sani kafin mu ƙirƙiro sabbi.

Sai dai akwai gyara. Kwamfutocin cibiyar ba su wadatar ba, kuma sau biyu ɗaukewar wuta ta katse darasin duba fassarar na'ura, wanda shi ne aikin da ake yawan ba sababbin masu fassara a yau. Aikin tafinta zama ɗaya kacal aka ba shi. Abin da ya fi damuna shi ne ba a koya mana yadda ake yanka farashi ko rubuta yarjejeniya da mai aiki ba, ga shi kuwa a nan ake yawan cutar da masu tasowa.

Duk wanda zai yi rajista, ina ba shi shawara ya tafi da kwamfutarsa, ya sa mata haruffa masu lanƙwasa tun daga gida, domin Malam ba ya duba aikin da babu su.