Mayen ƙarfen da na yi komand don ƴan sojojin tebur, rabi madalla rabi takaici

Bari in fara da na kirkin tunda hakkinsu ne. Masu milimita 5 faɗi da 2 kauri ɗin nan wallahi sun yi, ba ni da abin cewa a kansu ranar da sunka iso. Sun zo manne da juna sun yi sanda guda mai walƙiya, ka sa farce ka ja har ka gaji ba su rabuwa, sai dai ka zame na sama gefe guda sannan ya saki, in kuma ka yi sake ya kuɓuce maka ya koma ma ƴan uwanshi da ƙarfi to fatar yatsa ce za ta gaya maka. Wanda ya saba da baƙin mayen ƙarfen da muke cirowa cikin matacciyar sifika tun muna yara ba zai yarda ba sai ya taɓa da hannunshi. Wannan irin neodiyom ne, wanda Masato Sagawa na Japan da kamfanin General Motors na Amurka sunka fito da shi farkon shekarun 1980, yanzu kuma mafi yawanshi a Sin ake yi, shi ne cikin ƴan abin sauraren da muke sa ma kunne.

Don wanda bai san abin da muke yi da su ba, mu ƴan kaɗan ne nan Yamai masu wasan yaƙi na kan tebur. Wani abokinmu da ya yi karatu Faransa shi ya zo muna da shi, ƴan sojoji na roba masu tsawon milimita 28, da mita ta awo da ƙwayar lido, kowa ya jera rundunarshi a gwabza. Maƙwabta har yau gani suke manyan banza sun zauna wasan ƴan tsana, mun bar su da ganinsu. Ni aikina gina filin. Da katon da soso da rairayin bakin kogi nake yin gidaje da rumbuna da darni, wanda nake kai yanzu shi ne garin Lugu can wajen Dogon Dutsi, inda mutanen Sarauniya Mangu sunka tare rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Jinkar kowane ɗaki so nake ta riƙa cirewa a sa ƴan baka ciki a mayar, rumbu ya rabu da gindinshi in za a ɗauka, itatuwa su tsaya kan tudu ba sai an manne su har abada ba. Duk wannan aikin mayen ƙarfe ne.

Inda masu 5 ɗin sunka burge ni shi ne ɗaukar kaya. Na manna ɗaya ɗaya ƙarƙashin gindin kowane soja, dawaki na sa musu biyu, na jera su cikin gwangwanin biskit na ƙarfe, na ɗaure bayan moto daga Yantala na nufi Harobanda inda muke haɗuwa. Duk wanda ya san hanyar ya san ramukan da ke cikin unguwa kafin ka hau kwalta, ga cunkoson gadar Kennedy, ga burki na ba shiri saboda wani mai taksi da ya tsaya ɗaukar fasinja tsakiyar hanya. Da na buɗe gwangwanin ko ɗaya bai gusa ba. Na kife shi a gaban abokai na girgiza, doki ko ɗaya bai faɗo ba. Da can cikin tsumma da auduga nake naɗe su, in na iso mashi ya karye fenti ya goge. Ranar har vokal na yi ma mai kawo kayan ina sa mishi albarka, na ce Alhaji ka gama min komai, duk wanda ya tambaye ni wurinka zan turo shi.

To wannan albarkar ce nake jin haushinta yanzu, don lokacin ban kai ga leda ta biyu ba.

Leda ta biyu ita ce ta ƙananan, masu milimita 3 faɗi da 1 kauri, kuma su ne ma ainihin dalilin komand ɗin. Su ake sawa a kafaɗar soja da cikin hannunshi, yau ya riƙe mashi gobe ka cire ka sa mishi kwari da baka ko tuta, ba sai ka sayi soja uku ba. Su ne kuma na bakin jinka don bangon katon ba ya da kaurin ɗaukar manyan. A jikin ledar an rubuta N52 ɓaro-ɓaro, lambar ƙarfin maye ke nan, iya girman lambar iya ƙarfin janshi, kuɗɗin N52 kuma na biya. Na zauna dare da dare bayan isha'i da ɗan abin huji na hannu mai bakin milimita 3, ina huda kafaɗu a hankali don roba ce in ka zarce ka fito ta baya, wani daren ma da fitilar salula na yi don kuran ya ɗauke. Da na zo sawa sai na ga mayen na yawo cikin rami, alhali in awo ya yi daidai tura shi ake da ɗan ƙarfi ya zauna daram. Na cika da kol na ce ƙila bakin hujin ne ya ɗan fi. Sunka bushe, na kawo hannu kusa da kafaɗa, ya kama, amma wani irin kamu sanyi-sanyi kamar gaisuwar wanda kake bi bashi.

Ranar wasa abin ya fito fili. An jera, an zuba shayi na fari, abokin karawata ya jefa ƙwaya ta bugi gefen tebur, ba wani bugu ba, sai ga mashi uku ƙasa. Na mayar. Aka matsa da sojoji, mai tuta tutarshi ta juya ta kalli ƙasa ta tsaya a haka tana lilo. Wani ya kunna fanka saboda zafi, jinkar ɗaki biyu ta tashi ta bar ƴan bakan da na ɓoye ciki a fili kowa ya gan su, dabarar da na kwana ina shiryawa ta tashi a banza. Dariya har da mai riƙe ciki, ɗaya ya ce ai Sarauniya ba ta buƙatar yaƙi, ta bari fanka ta gama da kowa. Ni ma na yi dariyar amma cikina tafasa yake.

Washegari na kwashi ƴan guda na tahi garejin wani makaniki da muke mutunci da shi, shina da abin awon nan na ƙarfe mai baki biyu da suke auna kusa da shi, mai nuna lamba. Ya ce ɗan uwa mi ka kawo min haka, na ce maigida auna min kawai. Faɗi 2,7. Kauri 0,8. Munka canza wani, haka. Munka jera goma a manne, in da gaskiya ne milimita 10 za su ba da, sunka tsaya 8. Wani zai ce mi ne ne 0,2 har ake tada jijiyar wuya, to ka yi lissafin da kanka, faifai mai 3 da 1 in ya koma 2,7 da 0,8 kusan kashi ɗaya cikin uku na jikinshi ya tahi. A babban abu ba ka ji, a abin da dama duka-duka milimita guda ne wannan ragin shi ne bambancin hannun da ke tsayawa da wanda ke faɗuwa. Manyan kuwa da munka auna 5 da 2 cif, shi ya sa sunka yi aiki.

Na ɗauki hoton lambar na tura ma Alhajin ta WhatsApp. Shiru har dare, sannan vokal ya shigo, wai ƙanena ka yi haƙuri zafi ne, kwantena ta daɗe a rana, ka san mayen ƙarfe ba ya son zafi. Nan ne raina ya ƙara ɓaci don ya ɗauko gaskiya ya rufe ƙarya da ita. E, neodiyom ba ya son zafi. Wanda lambarshi N ce kawai ba wani harafi a baya, in ya wuce digiri 80 ya fara rasa ƙarfi kuma ba ya dawowa in ya huce, siraran ma kafin 80 suke fara sanyi. Masu jure zafi harafi ake ƙara musu, M ya kai 100, H 120, SH 150. Mu da ke ganin 45 a watan Afrilu da Mayu dole mu kiyaye, kar ka bar gwangwanin sojojinka gaban gilashin mota a rufe da rana tsaka, kar kuma ka manna su da kol ɗin bindiga mai narkewa. Duk na yarda. Amma na ce mishi Alhaji don girman Allah, zafin ne ya rage musu kauri? Kuma kwantenar da ta dafa ƙananan ba ita ta ɗauko manyan ba? Sai ya koma wai ai maye maye ne, tunda yana kama ƙarfe mi ya rage, wai ni ne mutum na farko da ya taɓa kai mayen ƙarfe gareji a auna. Ƙarshe ya ce zai yi magana da mutanenshi na Guwanju can Sin. Har yau maganar ake.

Da araha na bi da sai in ce araha ba ta ado in yi shiru. Amma bambancin kuɗɗin N35 da N52 na biya da sanina, don in girmansu ɗaya N52 ya fi ja da sama da kashi ɗaya cikin uku, kuma a ƙananan nan ne ake buƙatar wannan ƙarin. Matsalar ita ce ido ba ya rabe su, duka farare ne masu walƙiya, lambar a leda take ba a jikin mayen ba, kowa na iya buga takarda ya liƙa. Awo ne kaɗai abin da talaka zai iya kamawa, shi ma sai bayan ka biya.

Kuma tunda an taɓo, jiran da na yi ma bai kamata in manta ba. Ce min anka yi ta jirgin sama za su zo, daga baya anka ce mayen ƙarfe na cikin kayan da ake sa ma ido a jirgi saboda kamfas, wannan ma akwai dokar, amma ai kafin a karɓi kuɗɗina ya kamata a faɗa min, sai da kaya sunka bi ruwa sunka zagayo ta Lome sannan na ji. Sannan ɗaurin kayan, leda siririya ce ba kwali ba soso, ko kalma ɗaya ta gargaɗi babu. Wannan ba abin wasa ba ne a gidan da ke da yara. In yaro ya haɗiye biyu suna iya kama juna ta bangon hanji su huda shi, abin sai tiyata, kuma da fari ciwon ciki kawai za a gani a zata na banza ne. Wanda ya yi zargin yaro ya haɗiye ya nufi likita nan take kar ya tsaya jiran ya fito da kanshi. Ni cikin kwalbar magani mai murfin murɗawa nake ajiye nawa saman kwaba, in na gama aiki kuma sai na bi tabarma da wuƙa in tsince wanda ya faɗi.

Su manyan da na yaba ma, da na zauna na duba su ɗaya ɗaya da ido na fushi, akwai waɗanda gefensu ya ɓantare tun cikin leda. Abin gautsi gare shi duk da ƙarfin nan, in biyu sunka haɗu da gudu sai ya fashe, kuma in farin rufin nikel ɗin ya tashi cikin tsatsa yake yi, damina na zuwa za mu gani. Ba su da yawa, amma da anka sa ɗan katon tsakani da ba a yi asarar ko ɗaya ba. Wani abin kuma ba laifin kowa ba ne, rairayinmu na da baƙin garin ƙarfe ciki, in ka barbaɗa shi a gindin soja bayan ka sa maye sai ka ga ya yi gashi baƙi ƙirin a ƙasa ya hana shi zama daidai, gara ka gama rairayi da fenti sannan mayen ya zo ƙarshe.

Yanzu dai dabara nake yi da ƙananan tunda ramukan an riga an huda. A jinka na daina sa maye biyu suna kallon juna, gefe ɗaya na sa babba cikin ginshiƙi, ɗaya gefen na yanko gwangwanin tumatir na liƙa, shi ƙarfe ne yana kamawa, na lemo sanholo ne ba ya yi. Haka ma ba ruwanka da wace fuska ke ja wace ke turawa. A kafaɗu kuwa dole fuska ta zama ɗaya a duk rundunar in kana son hannun wannan ya hau wancan, sai na bar su a sandarsu ina ɗiga ma na sama marka kafin in zame shi, in tura shi rami da tsinken sakace don duk abin ƙarfe da ka kawo kusa tsalle zai yi ya bi shi. Inda kafaɗa ke da zurfi na ƙara rami na jera biyu, ya ɗan fi, mashi na tsayawa, tuta dai har yanzu sai ta ga dama. Kol ɗin ma da hunturu jinkirin kamawa yake don danshi ke busar da shi, sai ka ɗan hura mishi iskar baki.

Jera biyu biyun nan ya sa ledar da na lissafa za ta ishe ni duka rundunar ta ƙare a rabi, sojan Faransa duk suna nan ba hannu. Na zaga Katako da Wadata shagunan kayan ƙarfe, abin da na samu na ƙofar kwaba ne da na jakar mata, sun yi girma. In akwai wanda ke da 3 da 2 ko 3 da 1 na gaske nan Yamai ya neme ni, zan saya ko mu yi musaya da masu 5 ɗin da sunka rage min, amma a garejin maigida za mu haɗu a auna tukuna.