Wasiƙa daga Ingila: yadda muke yi wa ɗanki allurar jijiya a gida

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kin tashi lafiya. Ya Hajiya da ƙafar tata, ya yara, ya zafi? Mu nan Alhamdulillahi, jiki da sauƙi sosai, ɗan naki har ya fara taka ƙafar. Saƙon muryarki ya iso, na kuma ji faɗan da kika yi cewa wane irin asibiti ne zai sallami yaro da roba maƙale a hannu, ya ce uwarsa ta ci gaba da yi masa allura. Ki karanta wannan a nutse, ki kuma karanta wa Hajiya.

Abin da ya same shi ba tashin sikilar da muka saba ba ne. Ƙwayar cuta ce ta shiga ƙashin ƙaurinsa, kuma hoton cikin jiki da suke kira MRI ne ya nuna. Likitan ta ce masu sikila sun fi kowa haɗuwa da wannan, domin inda jini ya toshe a cikin ƙashi nan ƙwayar cuta take samun wurin zama, ga shi saifarsu ba ta aiki yadda ya kamata tun suna ƙanana. Ƙashi kuwa ba ya shan magani da wuri, sai an ɗauki makonni, har zuwa shida. Da zazzaɓin ya sauka, jininsa ya fara daidaita, sai suka ba mu zaɓi: ko mu ci gaba da zama a ɗakin yara saboda allura ɗaya tak a rana, ko a sa masa layi mu koma gida. Gado a nan yana da tsada a wurinsu, kullum akwai mai jira, don haka kar ki ɗauka tausayinmu kaɗai ne ya sa. Amma mu ma ya yi mana.

Wannan layin ba kanular da kika sani ba ce. Kanula gajeriya ce, a bayan hannu, bayan 'yan kwanaki ta toshe ko hannun ya kumbura, a koma neman wata jijiyar. Kin san yadda ake yi da yaranmu masu sikila a gida, a soki nan a soki can, yaro na ihu, uwa na danne shi, jijiyoyin duk sun ƙone, jariri ma har aske masa gefen kai ake yi. Wannan kuwa, da suke kira PICC, siririyar roba ce doguwa mai laushi. Ta jijiyar damtse ake zura ta, ta bi ta ciki har bakinta ya tsaya a babbar jijiyar da ke zuba jini cikin zuciya. Sai da suka sa shi barci suka saka, suka ɗauki hoton ƙirji don su tabbatar da inda ta tsaya. Abin da ke waje ɗan guntu ne, da maɗanni da marufi, an liƙe shi da filasta mai kama da leda wadda ake hango fatar ta cikinta. Tana iya yin makonni, har watanni, ba a sake sukarsa ba. Jinin gwaji ma wani lokacin ta nan suke ɗiba.

To, ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Maganin da ake ba shi ceftriaxone ne, wanda kowane mai kemis a Kano ya sani, wasu su ce Rocephin. Ba wani maganin Turawa ne na musamman da ba mu taɓa gani ba. Bambancin yana cikin ƙananan kayan da ke kewaye da maganin, kuma yawancinsu ba su da wata tsada. Ranar da muka dawo, kwali guda aka haɗo mu da shi: safar hannu, 'yan ƙyallen goge bakin layi masu maganin kashe ƙwayar cuta da ake kira chlorhexidine da kuma sifirit, kowanne a ledarsa, sirinji mai cin mil 10 da ruwan gishiri a cikinsa tun daga kamfani, tiren roba na jera kaya, filastar canji, maɗannin ko-ta-kwana, da bokitin roba ruwan ɗorawa mai murfi na zuba allurai da kwalaben da aka gama da su. Idan bokitin ya cika, a rufe, su karɓa su ba da wani. Ba a jefa allura a bola a nan. Na tuna yaran unguwarmu da ke tsinto sirinji a juji suna wasan fesa ruwa, sai jikina ya yi sanyi.

Maganin kansa a haɗe yake zuwa, cikin wata 'yar kwalbar roba mai balan-balan a ciki. Balan-balan ɗin ne ke matso maganin a hankali, ba batir, ba wuta, ba sandar rataye ruwa. Cikin kamar rabin awa ya ƙare, yaron na zaune yana kallon katun. Amma dole a ajiye shi a firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, a fito da shi sanyin ya sake shi kafin a jona. Nan ne na ce wa Abbansu da a gida ne, da tuni mun fara lissafin man janareta.

Ba su sake mini shi haka kawai ba. Tun muna asibiti nas ta zaunar da ni tana yi ina kallo, daga baya ina yi tana kallo, har sai da ta gamsu ta sa hannu a takarda. Wanda bai iya ba, ko ba ya so, nas ɗin unguwa ce ke zuwa gidansa kullum, ba kuma a ganin laifinsa. Tsarin kullum ɗaya ne. In wanke hannu da sabulu har tsintsiya, in goge tiren, in jera kaya ba tare da na taɓa bakin sirinji ko bakin layi ba. In murje bakin layin da ƙyallen nan na aƙalla daƙiƙa 15, sannan in jira ya bushe da kansa. Ba hurawa da baki, ba fifita. Wannan jiran shi ne abin da suka fi nanatawa, domin maganin sai yana bushewa yake gama kashe ƙwayoyin cutar. Sai in tura ruwan gishiri, tura kaɗan tsaya kaɗan, don ya wanke cikin robar. In jona magani. Idan ya ƙare in sake wankewa, in danne maɗannin. Ba a amfani da sirinjin da ya gaza mil 10, saboda ƙaramin sirinji ƙarfin matsinsa ya fi yawa, yana iya fasa robar. Idan kuma na tura na ji turjiya, ba a tilasta shi, waya ake bugawa.

Sau ɗaya a mako nas take zuwa ta canza filastar da marufin, ta auna tsawon abin da ke waje don ta ga ko ya zamo, ta ɗebi jini. Gwajin jinin ba na ganin ko ciwon na sauka kaɗai ba ne. Shi wannan maganin, ko da yake ba kasafai ba, yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini, mai sikila kuwa da ma nasa ba su da yawa. Ban taɓa jin wani mai allurar unguwa ya faɗi wannan ba.

Ki gaya wa Hajiya na ji saƙonta, ana ba shi rubutun yana sha, addu'a kuma kullum Abbansu yana tofa masa a ka. Hannun ne dai ba a tofa wa, ba a kuma shafa masa man zafi ko man kaɗanya kusa da filastar. Wanka ma sai na naɗe damtsen da leda, ya ɗaga shi sama. Ya koma makaranta, an dai hana shi iyo da kokawa, malamarsa kuma tana da maɗanni a aljihun teburinta, an nuna mata yadda za ta danne tsakanin wurin da ya fashe da jikin yaron idan robar ta tsinke, kafin motar asibiti ta iso.

Abin tsoron layin nan shi ne ƙofa ce a buɗe zuwa zuciya. Ƙwayar cutar da ta shiga ta bakinsa ba ta da shamaki, kai tsaye cikin jini za ta faɗa. Shi ya sa dokar ta zama ɗaya: zafin jiki ya kai digiri 38, ko ya kama rawar sanyi bayan an wanke layin, ko damtsen ya kumbura ko ya yi ja ko yana fitar da ruwa, to ba jiran safiya, ba ba shi farasitamol a ga abin da hali zai yi. An ba mu lambar wayar ɗakin yara da ake ɗauka dare da rana, da takardar da ke ba shi damar shiga kai tsaye. A ganina wannan lambar ta fi duk abin da ke cikin kwalin daraja.

Kin tambaye ni kuɗi. A asibiti ba mu biya ko kwabo ba, ba kuɗin kati, ba kuɗin gado, ba a rubuto mana safar hannu mu je mu sayo. Yaro ɗan ƙasa da shekara 16 magani kyauta ne a kemis in dai likita ya rubuta. Amma kar 'yan gida su ɗauka sadaka ce. Mu baƙi muna biyan kuɗin lafiya tare da biza, kuma tun watan Fabrairun 2024 ya koma fam 1,035 a shekara kan kowane babba, fam 776 kan kowane yaro. Mu huɗu, fam 3,622 ke nan a shekara, kuma na dukan shekarun bizar ake biya gaba ɗaya kafin a buga maka ita. Ga haraji da ake yanka a albashin Abbansu tun kafin ya gan shi. Ki lissafa a naira ki gani. Sai dai gaskiya, a wannan karon mun ci kuɗinmu har da na maƙwabta.

Kuma ba komai ne zuma ba. Ganin likitan unguwa sai ki kama waya tun ƙarfe takwas na safe, kafin a ɗauka a ce miki gurbin yau ya cika. Sashen gaggawa mutum na iya kwana a kan kujera. Maganin kashe ƙwayar cuta ba ya sayuwa sai da takardar likita, wannan kam na yarda da shi, amma har farasitamol a kanti ƙwaya 16 ne a fakiti, ba kuma za su bar ki ki kwashi da yawa ba. Sikilar ma ba kowa ya san ta ba. Mu ƙasarmu ana haihuwar yara masu ita kimanin 150,000 a shekara, su kuwa nan kusan 300 ne, shi ya sa nas ɗin da ta yi shekara biyu a asibitin yara na Hasiya Bayero ta fi wasu na nan ganin tashin sikila da idonta. A 2019 wani saurayi mai sikila ya rasu a wani asibiti a Landan bayan ya buga lambar gaggawa ta 999 daga kan gadon asibitin yana neman a sa masa iskar numfashi, kuma a 2021 'yan majalisarsu suka fitar da rahoto suna cewa ba a sauraron masu cutar. A ƙa'idarsu, cikin minti 30 da isowa ya kamata a ba mai tashin sikila maganin ciwo. Na haddace wannan, ina kuma faɗa musu da bakina in ta kama. Inda suka yi mana fintinkau shi ne gwajin jarirai: kwana biyar da haihuwa ake ɗiga jini daga dunduniya, kafin wata uku an fara ba mai sikila penicillin kullum.

Babban abin da babu a nan shi ne hannu. A gida da yanzu ke kin tare a ɗakina, Inna ta karɓi girki, maƙwabta na sallama da kwanon kunu. Nan ni ce nas, ni ce mai girki, ni ce mai kai ƙanwarsa makaranta cikin ruwan sama, Abbansu kuma ba zai bar aiki ba. Wata 'yar Zariya da muke haɗuwa a masallacin Juma'a ce take kawo mana tuwo ranar Lahadi, Allah Ya saka mata.

Sai maganar matar Kawu da ta ce in aiko mata da ragowar kayan don jikanta. Ki ba ta haƙuri ki yi mata bayani, ba rowa ba ce. Ragowar ƙirge take, mayarwa ake yi. Ko da ma zan iya, kayan ba su ne aikin ba. Barin kanula a hannun yaro a gida, kowa ya zo ya tura magani, ba gwajin jini, ba wanda za a kira da tsakar dare, ganganci ne. In likitansu ya ce allurar jijiya, a kai shi asibiti a yi masa, a kuma dage mai yi ya wanke hannu ya goge bakin kanular ya bari ya bushe, ko da zai ji haushi. Abin da zan aiko mata ta hannun mai zuwa a ƙarshen wata shi ne ma'aunin zafi na zamani guda biyu, ɗaya nata ɗaya naki. Ki kuma matsa wa Auta ita da yaron nan mai nemanta su yi gwajin jini tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, a asibitin da aka yarda da shi.

In za ki ba da saƙo, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa sun isa. Kar a sa kilishi, ba a barin nama ya shigo, a filin jirgi za su ƙwace. Ki gaida Hajiya da kyau, ki ce mata ranar da za a cire layin zan kira ta bidiyo ta gani, nas ta ce zare shi kawai ake yi, ba sai an sa shi barci ba. A gaida su Baba Ƙarami da duk mutanen gida.

Taki,
Ƙanwarki