Wasiƙa daga Misuri: Inda ake sayen sabon yadi a mai da shi ƙyallaye

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kina lafiya, da maigida da yara da 'yan matan shagonki.

Kin daɗe kina tambayata yadda harkar ɗinki take a Amurka, ko kayan aikinsu sun fi namu, ko akwai samu a ciki. Na jinkirta ne don in gani da idona. Ƙarshen makon da ya wuce wata abokiyar aikina ta ja ni zaman ɗinki da matan nan suke yi. Sukan kama gida a ƙauye, kowa ta zo da kekenta, a biya kuɗin kwana da abinci da teburin aiki, a wuni ana ɗinki ana hira, babu miji babu yara. Abin da ake ɗinkawa bargon ƙyallaye ne mai hawa uku: fuskar sama da aka haɗa da guntayen yadi kala-kala, auduga a tsakiya, sai yadin baya. A zaman, fuskar kawai yawancinsu suke haɗawa.

Kada ki ɗauka ƙyallen da ya rage ake tsinta. Sabon yadi dal ake saye a yanka. A shagunan da suka keɓanta da wannan sana'a yadi ɗaya na auduga yakan kai dala 12 zuwa 15, faɗinsa inci 42 zuwa 44, kuma babu ciniki. Da a Kantin Kwari ne, da na ce "haba Alhaji" an rage mini wani abu. Nan abin da aka rubuta shi za ki biya, a ɗora miki haraji a kai. Ba sa sayar da turmi. Har kwatan yadi suna yankawa, inci 18 da 22, su ninke shi tsaf. Akwai kuma wanda aka riga aka yanka siri-siri, faɗin inci biyu da rabi, guda 40 a naɗi ɗaya, an zaɓo launukan da suka dace da juna. Wato har zaɓen launi an ɗauke miki, kuma kin biya kuɗin ɗaukewar.

A kan hanya mun tsaya a Hamilton, ɗan ƙaramin gari a nan jihar Misuri da mutanensa ba su kai dubu biyu ba, amma kamfanin Missouri Star da iyalin Jenny Doan suka buɗe a 2008 yana da shagunan yadi fiye da goma a cikinsa. Matar ta yi suna ne da koyar da ɗinki a YouTube, yanzu motoci ake cikowa daga jihohi masu nisa don a zo sayayya. A gefe guda kuma Joann, babban kantin yadin da masu ƙaramin ƙarfi suka dogara da shi a duk faɗin ƙasar, ya rufe shagunansa baki ɗaya a 2025. Matan da muka zauna da su har yanzu suna jimaminsa kamar an yi musu rasuwa.

Wajen kayan aiki kam, gaskiya sun sha gabanmu. Almakashi ba ya cikin lissafi sosai. Wata wuƙa ce mai zagaye da kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, ana gungura ta a jikin rula mai haske bisa faifan roba, ta datse yadi ninki huɗu a lokaci guda ba karkacewa. Ga wuta ba ta ɗaukewa, dutsen guga a kunne daga safe har dare, don kowane layi aka ɗinka sai an goge shi kafin a haɗa da na gaba. Bakin ɗinki kuwa kwatan inci ne, babu ƙari babu ragi. Ke da kike auna mutum da ido ki yanka masa riga ta zauna, nan sai kin sauke wannan gwanintar, domin idan kowane gunto ya kauce da kaurin zare, kafin ki kai ƙarshen layi kusurwoyi sun ƙi haɗuwa.

Abin da babu shi ne hannu mai araha. Idan an gama fuskar, akasari ana kai wa mai babban keke mai dogon hannu ta haɗa hawa ukun da zane, kuma da inci take caji, santi 2 zuwa 3 (santi ɗari ne dala ɗaya) a kowane inci murabba'i. Bargon babban gado mai inci 90 da 100 ya tashi dala 180 zuwa 270 ke nan, ban da auduga da yadin baya, ga jiran layi. Gyaran keke ma sai kin ɗauka kin kai, kin jira makonni. Na tuna mai gyaran kekenki da yake zuwa har shago ya kunce Butterfly ya mayar kafin la'asar. Shi ya sa a nan ɗinkin bargo abin sha'awa ne na mai hali, mafi yawansu dattijai da suka yi ritaya, kuma kyauta suke bayarwa ga jikoki ko asibiti. In aka lissafa kuɗin yadi da wahala, wanda zai saya da daraja kaɗan ne. Don haka maganar in buɗe shago mu haɗa jari, ki ajiye ta tukuna.

Talakawa ma dai sun daɗe suna yin abin. Matan baƙar fata na Gee's Bend a jihar Alabama da tsofaffin wandunan aiki da buhunan abinci suka riƙa haɗa nasu don maganin sanyi, sai ga shi a 2002 an rataye su a manyan gidajen baje kolin zane na Houston da New York, a 2006 kuma suka hau kan sarki na gidan waya. Nasu ya fi burge ni, don ba rula ce ta tsara su ba.

Abinci ne ya ɗan ba ni wuya, naman alade har cikin wake, sai na tsaya ga ƙwai da ganye da dambun naman da kika aiko. Amma matan mutanen kirki ne. Da suka ga ina neman wurin salla, ɗaya ta kwashe kayanta daga lungu ta bar mini.

Ni da ragowar atamfofina na ɗinka tawa fuskar, na raba su da farin yadi don ido ya huta. Sai da na wanke su tukuna, kin san halin wasu da zuba. Teburina bai rabu da 'yan kallo ba, ana shafawa ana tambayar inda ake samu, har wata ta nemi in sayar mata da guntayen da na ture gefe.

Saboda haka ki hana yara cusa ƙyallayen atamfa a matashi. Ki ware masu kyau na auduga zalla, ko da faɗin tafin hannu ne, ban da leshi da mai santsi, ki ba duk mai tahowa. Ni kuma zan aiko miki da wuƙar da rula da faifan. Keken nan dai kada ki sa rai, wutarsu 120 ce tamu 230, in ba da taransifoma ba rana ɗaya zai ƙone.

Ki gaida Inna, ki ce ina nan ina haɗa mata nata kafin hunturu. Sai na ji daga gare ki.

Ƙanwarki